Tsuntsayen da Suka Gagari Malam Barau

Malam Barau ya haura shekara arba'in yana farauta a dajin da ke tsakanin Balan da Gafasa, kuma duk wanda ya taɓa bin sa zai gaya maka fakara ba ta tashi a gabansa ta kai inda za ta. Sai ga shi a watan da aka gama cirar gyaɗa yana zaune kan kujerar roba a ɗakinsa, riƙe da wata bindigar roba mai doguwar waya, yana harbin tsuntsaye a talabijin, su kuwa suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya kamar ba da su ake ba.

'Yarsa Khairiyya ce ta jawo wannan aiki, da kyakkyawar niyya kuma. Wata biyar da suka wuce hawan jini ya kayar da tsohon a gona, ɓarin damansa ya shanye. Allah ya taƙaita abin, ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, sai hannun ne ya yi saura: yana ɗaguwa, yana riƙe cokali, amma yatsun sun yi nauyi. Likitan gashin ƙashi ya ce a riƙa ba hannun aiki kullum, ya haɗa shi da wani ƙwallon roba na matsawa. Ranar da suka dawo gida Malam Barau ya cilla ƙwallon garken awaki, ya ce shi ba jariri ba ne.

Khairiyya tela ce, tana aure a Ajingi, amma tun da ciwon nan ya zo kusan kullum sai ta hau acaɓa ta leƙo Balan. Tana neman tsohon mayafi a akwatin ƙarfe ta ci karo da gem ɗin yayanta Kamalu, wanda babansu ya sayo musu daga Kano shekara ashirin da suka wuce, a wata kaka da gyaɗa ta yi albarka. Ga na'urar, ga hannayen dannawa biyu, ga kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta masa wasa ɗari tara da casa'in da tara a jiki, alhali duk yaron da ya taɓa kunna shi ya san wasanni takwas ne suke ta maimaita kansu da sababbin sunaye. Ta hure kaset ɗin kamar yadda suke yi suna yara, ta jona da sola, abin mamaki ya kawo.

Ta fara masa da tseren mota. Ya kalla na ɗan lokaci ya tambaya ina motar za ta, da ta ce babu inda za ta, sai ya ajiye. Ta sa masa dambe, ya ce waɗannan ko ɗaure hannu ba su iya ba. Ta sa na wani ɗan tsugul mai tsallake ramuka, ya ce mutumin kirki ba ya tafiya yana tsalle-tsalle haka kawai. Tankokin yaƙi, ƙwallo, duk ya yi musu kallon banza. Na jera tubali ne kaɗai ya samu masoyi a gidan, ita ma Inna Hajara ce, matarsa, wadda har tuwo ya taɓa kama mata a tukunya saboda shi.

Da Khairiyya ta zaro bindigar roba daga ƙasan akwatin, a nan ne tsoho ya gyara zama.

Ya tuna ta. Wata rana can baya ya taɓa samun yara suna ta ihu a kanta, ya karɓe daga hannun Kamalu, ya kakkaɓo tsuntsu ashirin a jere ba kuskure, ya mayar musu ya tafi masallaci. Saboda haka a wurinsa wannan ba abin wasa ba ne, ma'auni ne da ya taɓa hawa ya san nauyinsa. Ya ɗaga hannun daman, ya rufe ido ɗaya, ya ja kunama. Talabijin ya yi walƙiya, tsuntsu ya ci gaba da tafiyarsa. Ya sake. Ya kuma sakewa. Har la'asar bai taɓa ko gashin ɗaya ba.

Kwana goma ana haka. Khairiyya ta ce hasken taga ne, aka rataya bargo. Ta ce kujerar ta yi nisa, aka matso da ita har bakin bindigar yana gugar gilashi. Ta ce waya ce, ta naɗe ta da salatif. Ita kanta ba ta taɓa gwada harbin ba, don tun tana yarinya ba ta iya ba, kuma tana tsoron kada ta dace ta samu a gabansa ta ƙara masa ciwo. Abin da ya fi ba ta takaici shi ne tana ganin hannun yana samun sauƙi da idonta, rawar ta ragu, yatsan yana jan kunama da ƙarfi, amma shi ba wannan yake kallo ba. Tsuntsayen yake kallo.

Ranar Litinin, tana ɗaure bargon taga, ya ce mata, "Bar shi, Khairiyya. Ya isa lallashi."

"Baba, wallahi hannun nan ya fi na makon jiya."

"Hannun da ya kasa tsuntsun da ke gabansa taku ɗaya?" Ya ɗaga kai ya dubi bango, inda bindigarsa ta toka take rataye, wadda ya gada wurin mahaifinsa. "Asabar maharba za su fita farautar farko. Ba zan bar ta tana tsatsa a kan ƙusa ba, ba kuma zan ɗauke ta in je in harbi ɗan wani a daji ba. Idan Juma'a ta zo ban kayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ana saukowa daga masallaci zan miƙa wa Sharfaddeen."

Sharfaddeen ɗan ƙanensa ne, magidanci, wanda ya daɗe yana bin sa daji. Babu wanda zai ce bai cancanta ba. Amma Khairiyya ta san babanta. Bindigar nan ce ta tashe shi daga gadon asibiti, saboda ita yake takawa zuwa bakin gari kowace safiya yana jan ƙafa. Ranar da ta bar bangon nan, ranar zai zauna, kuma ba ta ga abin da zai sake tayar da shi ba.

Ranar Talata da hantsi, tana kan keken ɗinki, ta kira Kamalu, wanda yake gyaran waya a Kano, don ya gaya mata ko ana samun sabuwar bindigar gem a kasuwa.

"Tsaya," in ji shi. "Da wane talabijin kuka jona?"

"Filasmar da na saya masa mana."

Kamalu ya fashe da dariya har sai da ta janye wayar daga kunnenta. "Ke dai wallahi! Ai bindigar nan ba ta aiki da filasma sam. Sai tsohon talabijin mai ƙusumbi, irin namu na da. Hasken gilashinsa take karantawa. A filasma ko sojan duniya ne ba zai samu ko ɗaya ba. Ina namu yake? Ki jona da shi kawai."

Ta kashe wayar ba sallama, ta zauna tana kallon allura.

Namu na da yana Gafasa, a ɗakin amarya, kuma ita ta kai shi da hannunta. Lokacin da Malam Barau yake kwance a asibiti aka yi bikin Muhsina, 'yar ƙanwar Inna Hajara. Hankalin dangi duk yana kan mara lafiya, kayan ɗaki suka yi ƙaranci, sai Khairiyya ta ga ta samu dabara: ta saya wa babanta filasma marar cin wuta, ta goge tsohon tas ta sa shi cikin gudummawa. Da tsoho ya dawo ya ga bango da wani abu kamar faranti, ya tambayi nasa, aka gaya masa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe tun ban mutu ba aka fara rabon kayana." Ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwarta da kyau ba, ita kuma tun daga ranar ba ta sake bari an ambaci talabijin ɗin nan a gabansa ba.

Mai hankali zai ce ta hau acaɓa a take ta je ta gaya masa. Ita ma ta yi wannan tunanin, har ta yafa mayafi. Sai ta hango fuskarsa yana cewa ga wani sabon dalili kuma, bayan taga da kujera da waya. Ta hango kanta tana buɗe baki tana cewa duk baƙin cikin kwana goman nan daga kyautar da ta yi da kayansa ya fito. Ta cire mayafin. Ta yanke shawarar ba za ta je da magana ba, za ta je da talabijin, ya gani da idonsa. Ai da sauran kwana uku.

Laraba ta tafi Gafasa. Muhsina ta tare ta da ihun murna, ta shimfiɗa mata sabuwar darduma, ta kawo fura, ta ɗora taliya. Ga talabijin can a saman kabad, an lulluɓe shi da farin leshi, an ɗora masa furen roba, shi ne sarkin ɗakin. Surukar Muhsina ta shigo gaisawa, ta zauna, ta nuna shi da haɓa.

"Ke ce mai talabijin? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Duk unguwar nan babu amaryar da danginta suka yi mata wannan. Matan maƙwabta nan suke taruwa kallo."

"Amin, Inna. Ai ba komai," in ji Khairiyya.

Sau uku tana tattaro maganar, sau uku tana haɗiye ta da fura. Ta yaya za ka shiga ɗakin amarya, a gaban uwar mijinta, ka ce kyautar da ka yi ka zo ɗauka? Ko aro ta ce, kafin magariba labarin da zai zaga Gafasa shi ne dangin amarya sun zo sun kwashe kayansu. Ta ci taliya, ta yaba labule, aka rako ta har bakin hanya da ƙullin kuka da daddawa. A kan acaɓa ta riƙa zagin kanta a zuci tun daga Gafasa har Ajingi.

Alhamis ta ce bari ta nemi wani, ai ba shi kaɗai aka ƙera ba. Ta bi shagunan masu gyara na Ajingi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce rabonsa da ganin irinsa tun kafin ya yi aure. Wani ya tambaye ta ko tarihi take tarawa. A shagon Abdulmuttalib mai gyaran rediyo ta ga guda huɗu jere a ƙarƙashin benci, har ta fara murna, sai ya juya mata bayansu: duk an farke su an zare wayoyin tagulla, ɗaya ma kaza ce take ƙwai a ciki.

"Hajiya, wa yake neman wannan yanzu? Ki kawo in haɗa ki da filasma mai kyau."

"Filasmar ce ta kashe ni," ta ce, ta fita ta bar shi da baki buɗe.

Da yamma ta biya Balan. Ta tarar da babanta shi kaɗai a ɗaki, ya matso da kujera, gumi yana bin wuyansa, yana harbi yana harbi. Bai ji shigowarta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda bakin bindigar yake bin tsuntsun daidai, ba rawa ba karkata, maganar ta zo mata har kan harshe. Sai ya sauke hannun a cinyarsa ya yi masa wani irin kallo da ya sa ta ja da baya ta koma madafa wurin Inna. Ta ce a ranta gobe da sassafe, ko me za a ce a Gafasa a ce.

Juma'a ba ta samu fita da sassafe ba, don wata mai ɗinkin biki ta zo ta kafa mata zama sai da aka gama mata kalmasa. Sha ɗaya ta wuce kafin ta isa Gafasa. Ta ja Muhsina ƙuryar ɗaki ta zayyana mata komai cikin numfashi ɗaya, kanta a ƙasa, tana jin kunya kamar ta nutse.

Muhsina ta riƙe baki. "Haba Yaya! Wannan ce ta kawo ki ranar Laraba kika yi shiru? Don Baba? Wallahi da kin faɗa da tare za mu ɗauka mu kai. Ai kayansa ne."

Ta yaye leshin da kanta, ta kira surukarta ta gaya mata, tsohuwar ta ce Allah sarki, a gaishe shi, Allah ya ƙara sauƙi. Shi ke nan. Abin da Khairiyya ta kwana biyu tana jin tsoro bai ɗauki minti biyar ba, kuma wannan ya fi ƙona mata rai fiye da a ce sun hana.

Suka rungumo talabijin su biyu, da nauyinsa kamar buhun gero, suka kai bakin hanya. Babu acaɓa ko ɗaya. Duk namijin da ke da babur ya tafi masallacin Juma'a. Ta kira Inna Hajara.

"Inna, don Allah ki ce wa Baba ya dakata. Kada ya ba da bindigar nan. Ba hannunsa ba ne, talabijin ɗin ne. Ina hanya."

"Ya tafi masallaci. In ya dawo zan gaya masa."

Ta zauna a kan talabijin ɗin a gindin darbejiya, tana duba agogon waya tana duba hanya. Sai wajen ƙarfe uku saura ta samu wani ɗan acaɓa, shi ma sai da ya tsaya ciniki, ya je neman roba ta ɗauri, ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa. Suka kama hanya a hankali, ita a baya ta rungume ƙusumbin da hannu biyu, kowane rami ta ji shi a haƙarƙarinta. A tsakiyar hanya wayarta ta yi ƙara. Ba ta da hannun ɗauka, kuma ta san abin da za a ce mata.

A zaure ta tarar da tabarmi ba a naɗe ba, da ɓawon goro, da kofunan shayi. Inna Hajara ta tare ta a tsakar gida.

"Na gaya masa," ta ce a hankali. "Na leƙa na kira shi na gaya masa. Ya ce Khairiyya ba ta rasa dalili, Allah ya yi mata albarka. Mutane kuma sun riga sun zauna."

Khairiyya ta sa ɗan acaɓa ya shigar mata da talabijin ɗaki. Babanta yana kwance kan gado, fuskarsa ga bango, ƙusar da ke samansa ba komai a jikinta. Ita ma ba ta san me ya sa ta ci gaba ba, taurin kai ne ko haushi. Ta zare waya daga filasma ta jona da tsohon, ta hure kaset, ta kunna. Gilashin ya yi ƙara, ya yi fari, hoto ya tattaru a hankali. Tsuntsu ya tashi. Ta ɗaga bindigar roba yadda ta ga dama ta ja.

Wani sauti ya fito wanda ba a taɓa ji a ɗakin ba duk kwanakin nan, tsuntsun ya juya ya faɗo ƙasa.

Gado ya yi ƙara a bayanta. Malam Barau ya tashi zaune. Ya dubi talabijin ɗinsa, ya dubi 'yarsa, ya miƙo hannun dama. Daga inda yake zaune, can ƙarshen ɗaki, ko kujera bai nema ba, ya rufe ido ɗaya. Na farko ya faɗi. Na biyu ya faɗi. Aka fara sako su biyu-biyu da gudu, ya kakkaɓe su kafin su kai tsakiyar gilashi. Inna Hajara ta zo bakin ƙofa ta tsaya da ludayi a hannu. Goma cif, aka sake sabon zagaye.

Ya sauke bindigar. "Da ma talabijin ɗin ne?"

"Shi ne, Baba. Ba ta aiki da sabon. Kamalu ne ya gaya min."

"Yaushe?"

Da za ta iya ƙarya a lokacin da ta yi. "Talata."

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ta kawai, ita kuma sai magana ta ɓalle mata, ta gaya masa zuwanta Gafasa ranar Laraba, da surukar, da taliyar, da yadda ta kasa buɗe baki, tana faɗa tana kuka.

"Baba, bari in je wurin Yaya Sharfaddeen yanzu. Wallahi zai fahimta. In ya ji yadda aka yi da kansa zai kawo ta."

"Zai kawo," in ji Malam Barau. "Shi ya sa ba za ki je ba."

"Baba..."

"Ke talabijin ne, a ɗakin ƙanwarki, sai da kika kwana biyu kafin bakinki ya buɗu. Ni bindigar ubana ce. A gaban mutum tara na ɗora masa ita a hannu, na ce na sauka, aka yi fatiha aka shafa. Yaron nan har kuka ya yi. Gobe da ita zai shiga gaban maharba. In aika in ce masa me?"

Khairiyya ta durƙusa a gefen talabijin ɗin tana share fuska da bakin mayafi. A talabijin tsuntsaye suna ta tashi suna wucewa ba mai taɓa su, kiɗan wasan yana ta maimaita kansa. Ta miƙa hannu za ta kashe.

"Bar shi," ya ce.

Ya sake ɗaga bindigar roba. Bai yi murmushi ba, bai kuma sake duban ta ba. Ya ja, tsuntsu ya faɗi. Ya ja, wani ya faɗi. Khairiyya, wadda ta yi kwana goma sha huɗu tana roƙon Allah babanta ya samu ko ɗaya, ta tsinci kanta tana roƙo a zuci ya kuskure, ko sau ɗaya ne, don abin ya zo musu da sauƙi su duka biyun. Har aka kira la'asar bai kuskure ba.